Ragamar Doki: Daga Ƙullin Igiya Zuwa Maɗaurin Ƙarfe

Kullum muna ji a rediyo cewa wane ya karɓi ragamar mulki, wance ta riƙe ragamar kamfani, amma da yawa daga cikinmu da muka tashi a birni ba mu taɓa riƙe ragamar gaske ba. Ragama ita ce abin da ake zura wa doki a kai, ta zagaye hanci ta bi ta bayan kunne, a ja shi da ita ko a ɗaure shi. Ta bambanta da linzami, wanda ƙarfensa ke shiga baki. A yau duk mai sayen kayan doki zai tarar da iri biyu: ta siririyar igiya wadda ƙulli kaɗai ya haɗa ta, da ta fata ko ta nailan mai faɗi, mai maɗaurin ƙarfe irin na bel. Masu dawaki suna ta musu a kan wadda ta fi, kuma musun ya girmi kakannin kakanninmu.

Wajen shekara 350 kafin haihuwar Annabi Isa, wani sojan Girka mai suna Zenofon ya rubuta ɗan littafi kan sarrafa doki. A ciki ya gargaɗi ɗan barga kada ya ƙulla ragama a daidai bayan kunne, domin doki yana yawan goga kansa a komin abinci, ƙullin sai ya ji masa ciwo, kuma dokin da ya sami gyambo a wurin ba zai yarda a sa masa linzami cikin lumana ba. Wato tun a wancan zamani an gane cewa inda ƙulli ya zauna yana iya gyara tarbiyyar doki ko ya ɓata ta.

A ƙasarmu harshe ma yana ba da labari. Linzami daga kalmar Larabci lijam ya fito, sirdi daga sarj, likkafa daga rikab. Wannan yana nuna mana hanyar da kayan hawan yaƙi suka biyo, wato ta Sahara. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Leo Africanus kuwa, a farkon ƙarni na 16, ya rubuta cewa Sarkin Borno yana sayen doki guda daga fataken arewacin Afirka a kan bayi 15 zuwa 20. Dabbar da aka biya wannan mummunan farashi dominta ba a wasa da kayanta. Maƙera suka ƙera linzami mai zobe da ke kama haɓa, wanda ke tsayar da doki cak a tsakiyar sukuwa, dukawa suka yi masa ado. Amma a barga, inda akasari a ƙafa ake ɗaure doki a turke, ragamar igiya ce ke aikin yau da kullum: kai shi shan ruwa, wanka, da zagayawa da ɗan dukushi.

Larabcin nan ya yi wata tafiyar ta yamma. Kalmar shakima ta shiga harshen Sifaniya ta Andalus ta zama jáquima. Sifaniyawa suka sauka da dawaki a Meziko a 1519, daga 1769 kuma suka fara kafa matsugunai a Kalifoniya. Makiyayan shanun wannan yanki, waɗanda ake kira vaquero, ba sa fara horar da doki da ƙarfe a baki. Suna farawa da zoben ɗanyar fata da aka kitsa a hanci, da igiyar da aka tufka da gashin doki, sai bayan shekaru su kai shi ga linzami. Daga bakinsu Amurkawa suka ari kalmar suka mayar da ita hackamore. Wani ƙulli da suke yi a ƙarƙashin haɓa, mai suna fiador, shi ne har yau ake gani a ragamar igiya ta zamani.

Ita kuwa ragama mai maɗauri ta sami gindin zama ne a Turai, inda sojan dawaki da masu kekunan doki ke buƙatar kaya iri ɗaya da kowane sabon ɗan barga zai iya sawa ya cire ba tare da ya koyi ƙulli ba. Ramuka a jere, a ƙara ko a rage, shi ke nan. Da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro nailan a 1935, sannu a hankali aka sami ɗamara mai arha wadda ruwa ba ya ruɓar da ita, ragamar nailan ta cika kasuwa. Irin waɗannan kayan na Turai sun iso mana tare da wasan folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya runguma ya kuma ɗaukaka a zamanin mulkin mallaka.

Igiya ta dawo da ƙarfinta a ƙarshen ƙarni na 20. Wasu makiyaya na yammacin Amurka, Tom Dorrance da ɗan'uwansa Bill da kuma Ray Hunt, suka yaɗa koyarwar cewa doki yana koyo ne a lokacin da aka sassauta masa, saboda haka a matsa kaɗan, da zarar ya bi a saki. Pat Parelli ya mayar da wannan koyarwa tsari mai matakai yana sayarwa tare da ragamar igiya, fim ɗin The Horse Whisperer na 1998 kuma ya ƙara kai labarin duniya. Abin da ɗan barga a Kano da makiyayi a Meziko suka daɗe suna tufkawa da hannu ya koma kayan yayi mai tambarin kamfani.

To mene ne ainihin bambancin? Lissafi ne mai sauƙi. Kaurin igiyar ragama yakan kai milimita 6, faɗin ɗamarar nailan kuwa kusan milimita 25. Idan aka ja su da ƙarfi ɗaya, matsin da igiya ke yi a fata ya kusa ninka na ɗamara sau huɗu, a kan ƙulli ma ya wuce haka. Shi ya sa doki ke jin ɗan motsin hannu da ragamar igiya, kuma ba ya son jingina a kanta ya ja mutum. Shi ya sa kuma take zama azaba a hannun mai fizga. Mai faɗi tana baza matsi, ta fi sauƙi ga doki, amma doki mai taurin kai yana iya kwantar da wuya a cikinta ya tafi da yaro kamar tsumma.

Bambanci na biyu ya shafi rai. Ragamar igiya ta zamani ba ta tsinkewa. Idan aka saki doki da ita ya maƙale a reshe, ko ya sa ƙafar baya zai sosa kunne kofato ya shige, ko ya firgita yana ɗaure a mota, wuyansa ne zai ɗauki nauyin. Nailan mai faɗi ma haka take, sai dai ƙarfenta ya karye. Fata ce ke da halin tsinkewa a lokacin tsanani, shi ya sa wasu ke ɗinka ragamar nailan da ɗan guntun fata a bayan kunne, domin ya yanke kafin ƙashi ya karye.

Saboda haka, in za mu ba da shawara ga matasan da ke kiwon doki domin hawan sallah ko kilisa, ga ta. A yi horo da igiya, mutum yana tsaye igiya na hannunsa, ya saki da zarar doki ya amsa. A yi tafiyar mota da dogon ɗauri da mai faɗi wadda ke da wurin tsinkewa. In za a saki doki ya yi kiwo, a cire masa ragama gaba ɗaya. Kowacce aka sa, ta zauna kimanin yatsu biyu ƙasa da ƙashin kumatu, domin can ƙasan hanci ƙashin siriri ne, kuma doki ta hanci kaɗai yake numfashi. Wanda zai ƙulla ta igiya kuwa ya nemi tsohon ɗan barga ya nuna masa, don ƙullin da aka yi a saman madauki maimakon a jikinsa yana iya cijewa ya ƙi kwancewa a ranar da ake gaggawar kwance shi.