Yadda Likitoci Suka Gano Abin da Ke Makantar da Bakwaini

Yau za mu ba ku labarin bakwaini, watau jaririn da aka haifa watanninsa ba su cika ba, da yadda likitoci suka gyara aikinsu a ɗakin da a ke jinyarsa. Abin ya faru a ƙasashen Turawa, amma ya shafi kowane asibitin da ke da kwalbar jarirai.

Ita kwalbar nan, a birnin Paris na ƙasar Faransa aka fara aiki da ita sosai, cikin 1880. Wani likita mai suna Tarnier ya ga akwatin da a ke ƙyanƙyashe ƙwan kaji a ciki, sai ya sa aka yi masa irinsa don ɗumama jarirai. Da tafiya ta yi tafiya, wajen 1940, sai aka sami kwalabe masu rufuwa kam, waɗanda a ke iya cika su da iskar oksijin. Huhun bakwaini bai ƙosa ba, numfashinsa ya kan yanke, jikinsa ya yi shuɗi. In an ba shi iskar nan sai ya farfaɗo. Saboda haka likitoci suka ɗauka tun da kaɗan ta yi amfani, mai yawa za ta fi. Aka riƙa ɗura ta dare da rana har makonni.

Cikin 1942 wani likitan ido a birnin Boston na Amurka, sunansa Terry, ya ba da labarin wata sabuwar makanta da ke kama bakwaini. Kafin shekara goma sha biyu ta makantar da yara wajen 10,000 a duniya, mafi yawansu a Amurka. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa cikin 1950, yana cikinsu. Abin mamaki kuwa, cutar ta fi yawa a manyan asibitoci masu kayan aiki. Aka zargi haske, aka zargi madara, aka zargi magungunan ƙarin jini. Ba wanda ya so ya zargi iskar da ke ceton rai.

To, sai wata likita a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, Kate Campbell, ta koma kan takardun jariran da ta duba, ta yi ƙidaya. A asibiti guda ana ba da oksijin a wadace. A waɗansu kuwa iyaye ke biyan kuɗinta, saboda haka a kan yi tsimi. Cikin jarirai 123 da suka sha iska mai yawa, 23 sun kamu. Cikin 58 da aka yi wa tsimi, 4 kaɗai. Ta buga wannan cikin 1951.

A birnin Washintan kuma wani saurayin likita, Arnall Patz, ya raba jarirai kashi biyu don gwaji. Da fari masu jinya sun ƙi yarda, har waɗansu su kan ƙara iskar da dare don tausayi, sai da aka zauna aka fahimtar da su. Cikin jarirai 28 masu iska mai yawa, 7 sun sami cutar mai tsanani. Cikin 37 masu kaɗan, ko ɗaya. Sa'an nan asibitoci 18 na Amurka suka haɗa kai suka yi babban gwaji daga 1953 zuwa 1954, magana ta tabbata.

Ga yadda abin ya ke. Can cikin ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske. Jijiyoyin jininsa ba su gama tsirowa sai dab da cikar wata tara. In iskar ta yi yawa a jinin bakwaini, sai su tsaya cik. Daga baya su tsiro barkatai, su yi tabo, tabon ya janye tantanin daga mazauninsa, gani ya tafi.

Da jin haka sai asibitoci suka rage iskar ƙwarai, makanta ta ja baya. Amma ashe an yi gudun gara an tad da zago. Cikin 1960 likita Mary Ellen Avery da abokiyar aikinta suka ƙidaya mace-macen jarirai a asibitinsu na birnin Baltimo, suka ga masu mutuwa da ciwon huhu sun ƙaru tun da aka rage iskar. Kun ga ƙidayar da ta tona laifin yawa, ita ce kuma ta tona laifin ƙaranci. Abin da ya rage shi ne a san gwargwado.

Gwargwadon kuwa bai samu da sauƙi ba sai bayan 1980, sa'ad da wata 'yar na'ura ta bazu a asibitoci. A kan ɗaura ta a hannu ko ƙafar jariri, ta nuna yawan oksijin da ke jininsa, ba tare da an huda shi ba. Daga baya aka yi gwaji biyar a kan jarirai kusan 5,000, aka tara sakamakon cikin 2018. Waɗanda aka riƙe awonsu tsakanin 91 da 95 cikin ɗari sun fi rayuwa bisa waɗanda aka riƙe tsakanin 85 da 89, ko da ya ke sun fi bukatar a lura da idanunsu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin 1988 waɗansu likitocin jarirai a Amurka suka kafa ƙungiyar Vermont Oxford. Kowane asibitin da ya shiga ya kan aika da lissafin ƙananan jariransa: nawa suka rayu, nawa suka kamu da ƙwayoyin cuta, nawa suka sami ciwon ido. Sai a mayar masa da rahoto, ya ga inda ya ke cikin 'yan'uwansa. Wanda ya ga an bar shi baya, sai likitocinsa da masu jinya su je su ga yadda na gaba ke yi, su gyara abu guda, su sake aunawa. Asibitocin da ke cikinta yanzu sun wuce 1,000.

To, jama'a, yanzu da kwalabe da oksijin ke ƙaruwa a asibitocinmu, ga abin da ya kamata iyaye su riƙe. In an sa wa jaririnku iska, kada ku taɓa makunninta, kada kuma ku matsa wa mai jinya ta ƙara. Magani ce, tana da awo kamar kowane magani. Ku tambaya ko ana auna jininsa da na'urar nan. In bakwaini ne, ku nemi likitan ido ya duba shi wajen mako huɗu da haihuwa, ko da an sallame ku, ko da kuwa idon ya yi muku garau, gama cutar ba ta nunawa a waje sai ta yi nisa. In an gano ta da wuri akwai magani, ana kuwa ceton ganin yawancinsu.

Ma'aikatan asibiti kuma, ku rubuta kowane jariri da abin da ya same shi, ku zauna ku duba lissafin tare a kai a kai. Da takardun asibiti da alƙalami likita Campbell ta fara nata aikin.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu. Sai mun sake saduwa.