Jega da Ayarin Gwanja: Tarihin Fataucin Rani da Hunturu

Fatauci shi ne kasuwancin nesa da ake fita a ayari, 'yan kasuwa su bar gida wata da watanni suna kwana zango-zango da dabbobinsu da kayansu. A ƙarni na 19 hanyar Gwanja, wadda ake bi a sayo goro a arewacin ƙasar Ghana ta yau, tana cikin manyan hanyoyin arzikin daular Sakkwato. Garin Jega da ke bakin Gulbin Zamfara shi ne babbar mahaɗar wannan hanya a yammacin daular.

Asalin Jega yana haɗe da tarihin jihadi. Malam Abdussalami, Ba'are kuma almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu. Harin da Gobirawa suka kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu, kuma har yau sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega.

Wurin da garin ya zauna shi ya ɗaga kasuwarsa. Mai fitowa daga Kano ko Katsina ta kwarin Zamfara, da mai gangarowa daga Sakkwato ta Tambuwal, duk a Jega suke haɗuwa kafin su nufi Kogin Kwara. Akwai ruwa da fadama da abincin dabbobi, ga gulbin da ke sadar da garin da Gulbin Kabi. Bayan 1849, da Kabawa suka tayar wa Gwandu a ƙarƙashin Yakubu Nabame, hanyoyin da suka bi ta Argungu da Dandi suka zama masu hatsari, sai fatake suka ƙara karkata kudu ta Jega.

Lokacin tafiya kuwa yanayi ne ke yanke shi. A Turai sanyi ne ke tare hanya, amma a ƙasar Hausa shi ke buɗe ta. Da damina gulabe sun cika, laka ta hana jaki tafiya, kuma galibin fatake manoma ne masu gona a wuyansu. Sai an yi kaka, an kai amfani rumbu, ruwa ya janye, sannan a ɗaura wa jakuna kaya. Saboda haka farkon tafiya yakan faɗo cikin hunturu, da hazo da sanyin asuba da fason ƙafa. Daga Kano zuwa Salaga akan yi wata biyu zuwa uku, kuma wanda ciniki ya riƙe har ruwa ya sauka yakan yi damina a can.

Ayari yana da tsarin mulkinsa. Madugu ne shugaba: shi ke sa ranar tashi, shi ke zaɓen hanya, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan abin da za a biya. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana taimaka wa madugu wajen tara kuɗin fito da na garama daga kowane falke gwargwadon kayansa. Akan tafi da malami domin limanci da addu'a da rubuta lissafi, da makaɗa, da 'yan alaro masu dakon kaya a ka, da mata masu dafa abinci waɗanda su ma ke ɗan cinikinsu a hanya. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ga wani ayari a Kayama ta ƙasar Bargu yana dawowa daga Gwanja, mutanensa sun haura 1,000, dabbobinsa ma kamar haka. Yawan shi ne tsaro, domin 'yan fashin Bargu ba sa barin ƙaramin ayari ya wuce lafiya.

Ana tashi da asuba, a yi tafiya har rana ta take, sannan a sauka. Zango yakan kasance a bayan gari, kusa da ruwa. Nan da nan a sauke kaya a jera su, a kafa bukkokin kara da ciyawa, a turke jakuna, a hura wuta saboda sanyin dare. Matan ƙauyukan kusa sukan kawo fura da hatsi da itace su sayar. A manyan garuruwa irin su Jega, attajiran fatake sukan sauka a gidan fatoma, wanda ke ba da masauki, ya ajiye kaya, ya haɗa baƙo da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki na bashi ne.

Daga Jega ayari yakan haye Kwara a wajen Ilo, ko ya gangara kudu ya haye ta ƙasar Yawuri. Daga nan sai Nikki da Jugu a ƙasar Benin ta yau, sai Sansanin Mango a Togo, sai Yendi, sannan Salaga, kasuwar Gwanja, inda mutanen Asante ke kawo goro daga kurmi. Cikin manyan masu wannan sana'a akwai Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da Katsina, da Kambarin Barebari da suka yi ƙarfi a Gummi, gabas da Jega a kan gulbi ɗaya.

Kayan tafiya sun haɗa da kanwa, da baƙin rini da sauran tufafin saƙi, da jemammun fatu, da dabbobi, da gabu, wato busasshen ganyen albasa da aka kirɓa. Har da bayi, waɗanda aka sayar a kasuwannin wannan hanya tun daga Jega har Salaga. Ana ciniki da wuri ko a yi musaya. Kayan dawowa goro ne, kuma ɗaukarsa aiki ne na gwani. Ana lulluɓe shi da ɗanyen ganye a cikin huhu ko waga, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama, domin iskar rani tana busar da shi ya yi yaushi, darajarsa ta faɗi.

Raguwar wannan hanya ta faro ne daga can kudu. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, cinikin goro ya soma komawa Kintampo da Kete Krachi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin. A lokaci guda aka fara ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka ɗora wa ayari harajin hanya wanda aka soke a 1907, suka kuma hana cinikin bayi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, kuma noman goro a ƙasar Yarbawa ya rage buƙatar zuwa Gwanja.

Jega ba ta mutu da mutuwar ayari ba, domin titin mota da ya haɗa Sakkwato da Yawuri da Kwantagora ya bi ta cikinta, da Aliero daga arewa maso gabas da Maiyama daga kudu, ga kuma reshen da ya nufi Birnin Kebbi. Manyan motoci suka gaji jakuna, tasha ta gaji zango. Albasar Aliero, wadda ake nomawa da rani, ita ce yanzu ke cika motocin da ke zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. A ɗaya ƙarshen tsohuwar hanyar kuwa, unguwannin zango na Kumasi da Accra da Salaga suna nan, kuma Hausa na cikin manyan harsunan ciniki da mu'amala a cikinsu.