Tarihin Harshen Hasumiya da Matuƙi: Misali Daga Filin Jirgin Saman Duwala

Mazauna unguwannin Hausawa na New Bell a Duwala sun saba da rugugin jirage, domin filin jirgin da aka buɗe a 1977 yana kusa da su. Abin da ba sa ji shi ne zancen da ke gudana ta rediyo tsakanin matuƙi da hasumiya kafin kowace sauka. Zance ne mai tsayayyun ƙa'idoji, kuma yana da tarihi.

Asali

Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ce ta haifi hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin sama a duniya. A 1951 hukumar ta tsayar da Ingilishi a matsayin harshen da za a haɗu a kansa, kana a 1956 ta tabbatar da kalmomin kiran haruffa, irin su Alfa, Bravo da Charlie, don kada harafi ya rikiɗe a kunne. Kamaru kuwa tana cikin hukumar ASECNA da aka kafa a Saint-Louis ta Senegal a 1959, wadda ke kula da zirga-zirgar jirage a Duwala. Shi ya sa ake jin Faransanci da Ingilishi a tashar rediyo guda.

Tsarin zancen

Matuƙin ƙaramin jirgi mai zaman kansa da ya taso daga Kano ba ya da wani sassauci. Zai kira hasumiya da sunanta, ya faɗi lambar jirginsa mai farawa da 5N, alamar Nijeriya, ya bayyana inda yake da tsayinsa da buƙatarsa. Hasumiya za ta ba shi titin sauka da yanayin iska, shi kuma ya maimaita umarnin. Maimaitawar ita ce shaidar cewa ya ji daidai.

Darasin haɗurra

A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu suka yi karo a kan titi a Tenerife, mutum 583 suka rasu, bayan wani matuƙi ya ɗauka an ba shi izinin tashi. Daga nan aka keɓe kalmar tashi ga lokacin bayar da izini ko soke shi kaɗai. A Duwala ma, jirgin Kenya Airways ya faɗi a ranar 5 ga Mayu 2007 da mutum 114. Binciken hukumomin Kamaru ya danganta haɗarin da ruɗewar matuƙi cikin duhu, amma ya nuna cewa jirgin ya tashi ba tare da izinin hasumiya ba.

Kammalawa

Ɗalibin harshe zai ga cewa wannan keɓantaccen salo ne da ba ya karɓar habaici ko zaurance. An rage masa kalmomi, an kuma ba kowace kalma ma'ana guda, domin rayuka ne ke rataye a kanta.