Ɗangote da BUA: Yadda Siminti Ya Kaya a Kasuwar Hannayen Jari

A watan Oktoban 2010 kamfanin simintin Ɗangote ya shiga kasuwar hannayen jari ta Legas, bayan ya haɗe da kamfanin simintin Binuwai da ke Gboko. Naira 135 aka sa wa kowane hannun jari, darajar kamfanin gaba ɗaya ta kai naira tiriliyan 2.1. Daga ranar ya zama giwar kasuwa, in ya motsa kowa sai ya ji a jikinsa.

Sai dai girma daban, tashin farashi daban. Wanda ya saya tun ranar farko ya ga hawa da sauka, har farashin ya haura naira 200 ya dawo, kuma a ƙarshen 2019 yana kusa da naira 140. Shekara tara ke nan kamar ana tafiya a wuri ɗaya. Abin da ya riƙe masu jari shi ne rabon riba: naira 16 kan kowane hannu a 2019, naira 20 a 2021, naira 30 a 2023. Ga ɗan fansho da ke jiran saƙon banki sau ɗaya a shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Janairun 2020 wani Bakanon, Abdussamad Isyaku Rabi'u, ya shigo fili. Ya haɗe tsohon kamfanin simintin Sakkwato na Kalambaina da masana'antar Obu ta jihar Edo, aka sami BUA Cement, kowane hannu naira 35. Cikin shekara huɗu farashin ya ninka kusan sau uku, abin da Ɗangote bai yi ba a shekara goman farko. Rabon ribar BUA kuwa bai kai naira 3 ba a tsawon lokacin. Masu jarin BUA a tashin farashi suka ci, na Ɗangote a kuɗin hannu.

Ni dai ina taka-tsantsan da farashin duka biyun. Mafi yawan hannayen jarin suna hannun masu kamfanonin, ɗan abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, don haka mai saye ɗaya mai nauyin aljihu yana iya ɗaga farashi. An gani a Janairun 2024, da labari ya bazu cewa attajiri Femi Otedola yana sayen hannayen jarin Ɗangote: cikin 'yan kwanaki kamfanin ya zama na farko a Najeriya da darajarsa ta kai naira tiriliyan 10.

An yi ta murna, amma lissafin yana sosa mini rai. A 2010 dala tana wajen naira 150, wato tiriliyan 2.1 ya kai dala biliyan 14. A tsakiyar Janairun 2024 dala tana wajen naira 900 a farashin hukuma, tiriliyan 10 ɗin bai wuce dala biliyan 11 da ɗoriya ba. Alhali a tsakanin shekarun nan kamfanin ya faɗaɗa masana'antarsa ta Obajana, ya buɗe ta Ibese, ya bazu zuwa ƙasashen Afirka goma. BUA ma bai tsira ba, domin sakin naira da aka yi a Yunin 2023 ya kumbura bashin da ya ci da dala, ribarsa ta shekarar ta ragu duk da cinikinsa ya ƙaru.