Daga Uwar Shaihu Umar Zuwa Rabi: Tarihin Uwa a Ƙagaggun Labaran Hausa

Littattafai biyar ne suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Duk maza ne suka rubuta su, kuma maza ne jarumansu. Su ke yawon duniya, su ke yaƙi, su ke sata da damfara. Amma idan muka zauna da waɗanda suka karanta Shaihu Umar a makaranta muka tambaye su abin da ya rage musu a rai, da wuya su fara da karatun da Umar ya yi a ƙasar Larabawa ko almajiran da ya tara a Rauta. Uwarsa suke fara ambata. Abin mamaki, yawancinmu ba za mu iya kawo sunanta ba, sai dai mu ce uwar Shaihu Umar.

Kafin boko, a tatsuniya muka fara sanin uwa, kuma galibi a bakin uwa ko kaka muka ji ta. Duk wanda ya duba abin da Frank Edgar ya tara a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai tarar da gida guda ana ta maimaita shi: miji ɗaya, mata biyu, mowa da bora. 'Yar bora ce mai ladabi, ita ake aika wa wurin da ake zaton ba za ta dawo ba, ita kuma ke dawowa da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta kwaso tsiya. Tun a nan aka raba mana uwa gida biyu, mai haƙuri da ake zalunta, da kishiyar uwa mai mugunta. Ba a tambayar yadda aka yi mowa ta zama muguwa, ba a kuma tambayar abin da bora ke ji a ranta idan dare ya yi. Aikinsu a labarin shi ne su tura 'ya'yansu hanya.

Wannan gadon ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tarar, yana matashin malamin makaranta a Bauchi, shekarunsa ba su wuce ashirin da biyu ba. Sai ya yi abin da ba a saba ba, ya fitar da uwar daga tsakar gida ya ɗora ta a kan hanya. Mijinta na fari ya rasu, ta auri Makau, bafaden da 'yan'uwansa fadawa suka yi wa sharri aka kore shi daga gari. Ta bar ɗanta a hannun wata aminiyarta don ta je ta ga iyayenta, kafin ta dawo an sace yaron. Daga nan labarin ya rabu biyu. Umar ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa ta fita nemansa, wani mai suna Ado ya yaudare ta da alkawarin zai kai ta inda ɗanta yake, ya haye Sahara da ita ya sayar a Murzuk. Ta kai ƙara gaban alƙali cewa ita 'ya ce, ba ta sami 'yancinta ba. Sai a Tarabulus Allah ya haɗa ta da ɗanta, bayan wahala ta gama cin jikinta, ba ta kuma daɗe ba ta rasu.

A ganinmu wannan rabon hanya shi ne ƙashin bayan littafin. Bauta ɗaya ce ta kama uwa da ɗa, ayari iri ɗaya ya kwashe su, amma ɗan ya fito da rawani, uwar ta fito da likkafani. Idan da labarin Umar kaɗai aka ba mu, da mai karatu zai iya tashi da tunanin cewa cinikin bayi hanya ce da Allah kan ɗaukaka bawansa da ita. Uwar ce ta hana mu wannan kwanciyar hankali. Mu kuma tuna lokacin da aka rubuta shi. Dokar Lugard ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga wannan shekara ne, ba ta saki waɗanda ke hannu ba, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ke nan 'yan makarantar da suka fara karanta Shaihu Umar a 1934, a cikinsu akwai waɗanda kakarsu ko gwaggonsu ta san yadda ake taya mutum a kasuwa. Ba tatsuniya aka karanta musu ba. Ba mamaki da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976, fim ɗin da aka gyara aka sake nunawa a Balin a 2018.

Duk da haka, ta bakin ɗanta muka ji labarinta. Shaihu ne zaune yana ba almajiransa tarihinsa, ita ba ta yi mana magana kai tsaye ba. Haka abin yake ga Zainab ta Jiki Magayi, wadda aka raba ta da Abubakar aka aura wa mai kuɗi, Malam Shaihu. Gabar maza biyu ce, amma ɗanta Kyauta aka yi wa asiri ya zama ɓarawo, har ya kai ga kashe ubansa bai sani ba. Zainab ce ta rasa masoyi, ta rasa miji, ta ga lalacewar ɗa, amma hankalin littafin yana kan ramuwar Abubakar. Magana Jari Ce kuwa, duk da girmansa, littafin fada ne. Sarki da waziri da aku da 'ya'yan sarki suka cika shi, iyaye mata suna can cikin gida.

Akwai dalilin al'ada da bai kamata mu tsallake ba. Bahaushiya ba ta bayyana son ɗanta a gaban mutane, musamman ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce ke ɗauke shi da an yaye. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta bayyana wannan kunya da al'adar riƙo dalla-dalla, ita kanta ba ta haihu ba amma ta raini 'ya'ya. Marubucin da ya tashi a irin wannan gida, me zai sa a bakin uwa? Son da ba a furtawa yana da wuyar rubutawa. Tafawa Ɓalewa ya sami mafita, ya bar ƙafafunta suka faɗi abin da bakinta ba zai faɗa ba. Wannan al'ada ce kuma ta sa a labaranmu mai matsayin uwa sau da yawa ba ita ce mahaifiya ba, inna ce, ko gwaggo, ko kaka, ko uwar ɗaki.

An shafe kusan shekara hamsin kafin mace ta shigo da nata littafin. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980 daga gasar kamfanin NNPC na Zariya. Bayan 'yan shekaru tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Abin da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano ke nan, laƙabin da da farko na raini ne. Mu da muka tashi muna karɓar hayar waɗannan littattafai a shagon unguwa, muna ɓoye su a cikin littafin lissafi, mun san cewa soyayyar saurayi da budurwa ce ke jan mu. Sai da muka girma muka lura cewa kusan kowace soyayya a cikinsu a hannun wata dattijuwa take. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, kakar Sumayya ce mai kuɗi ya bi ta hannunta, ita kuma ta juya ɗanta da ikon haihuwa. Makamin irin waɗannan iyaye ɗaya ne, tsoron baki. Da zarar uwa ta ce za ta ɗaga nono, magana ta ƙare. Marubutan wannan zamani sun gane cewa matar da ba ta da ta cewa a gaban miji tana da cikakken iko a kan ɗanta, kuma ikon nan yana iya zama zalunci.

Amma wadda ta sauya al'amarin ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma karatu a ajin manya. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ta ba mu Rabi, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, uwar 'ya'ya tara. Tun Alhaji bai ƙaro aure ba, abin da yake bayarwa na cefane ba ya isa, Rabi ce ke cikawa. Da ya auro Delu, matar da ta yi zaman kanta, rikici ya tashi, sai ya kori Rabi da 'ya'yanta. A tatsuniya, nan ne bora za ta zauna tana kuka har aljani ko tsohuwar bakin rafi ta kawo ɗauki. Rabi kuwa tukunya ta ɗora. Ta kama sayar da abinci, ta ciyar da yaran, ta biya kuɗin makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu ga Alhaji Abubakar.

Abin da ya sa Rabi ta zauna mana a rai shi ne lissafi. Littafin cike yake da kuɗin cefane, da kuɗin makaranta, da kayan ɗaki, da wanda ya ba da gudummawa da wanda ya noƙe. Mawaƙanmu sun daɗe suna yabon uwa a kan ɗaukar ciki da shayarwa da goyo. Balaraba ta nuna mana uwa a matsayin mai riƙe da tattalin gida, wadda ke kwana tana ƙirga abin da zai kai yara gobe. Duk wanda aka yi masa kuɗin jarrabawa da cinikin ƙosai ko adashen uwarsa ya san wannan matar, ko da bai taɓa ganin ta a takarda ba sai a nan.

Ƙarshen littafin ne har yau ake gardama a kansa. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta watse, sai dangi da surukai suka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Ta koma, ba da son ranta ba, kuma ita ce ta ci gaba da ɗaukar nauyin gidan har da mijin da ya wulaƙanta ta. Wasu na ganin marubuciyar ta ja da baya a nan, ta miƙa wuya ga al'ada. Mu ba mu ga haka ba. Da Rabi ta ƙi komawa ta yi arziki ta auri wani, da mun ji daɗi mun rufe littafin mun manta. Balaraba ta bar mu da ɗacin da matan da ta sani suke haɗiya, ta kuma nuna mana su wane ne ke taruwa su sa a haɗiye shi, mutanen kirki ne, masu nufin alheri. A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Aliyu Kamal ta wannan littafi da Ingilishi, Rabi ta sami masu karatu a inda ba a taɓa jin sunan kasuwar Sabon Gari ba. A ɗaya littafin nata, Wa Zai Auri Jahila?, gwaggo ce, Hajiya Kumatu, ta karɓi Abu a Kano bayan ta gudo daga auren dole, ta tsaya mata har ta yi karatu. A can ma uwar riƙo ce ta yi abin da gidan haihuwa ya kasa.

Kunyar ɗan fari da muka ambata an tunkare ta gaba da gaba a 2015, kuma da Ingilishi. A Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, Hajiya Binta Zubairu bazawara ce mai shekara 55 da ta baro Jos bayan rikici. Ɗanta na fari ta rayu tana kiransa Yaro, ba ta taɓa nuna masa so ba har 'yan sanda suka kashe shi. Alaƙar da ta ƙulla da Reza, ɗan daba mai shekara 25 wanda shi kuma uwarsa ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami, ta tayar da ƙura a wurin masu karatu na Arewa, kuma muna fahimtar dalili. Sai dai surutun da aka yi a kan ɓarnar ya rufe tambayar da littafin ya yi, wato me kunyar nan ke ci a cikin uwar da ta kiyaye ta. Tsakanin uwar Shaihu Umar da Binta shekara 81 ne, kuma duk biyun ɗa suke nema.

Yau yawancin labaran Hausa a waya muke karanta su, a WhatsApp da Wattpad, kuma mata ne suka fi rubuta su. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa take fito da gajerun labaran mata duk shekara. Sunayen sun sauya, Inna da Iya sun koma Ammi da Mami da Momi, gidan ƙasa ya koma bene a Abuja. Amma idan muka bi dogayen labaran da ake saki shafi-shafi, sau da yawa tsohon gidan mowa da bora muke tararwa an yi masa fenti: ga Ammi mai sallar dare wadda ba ta taɓa kuskure, ga uwar miji ko matar uba mai bin bokaye. Mai rubutu kullum, wanda masu karatu ke jira da safe, dole ya nemi abin da zai tayar da hankali da wuri, kuma muguwar uwar miji ba ta taɓa kasa yin wannan aiki. Irin su Rabi sun fi wuyar rubutawa, don sai marubuciya ta san farashin mudun shinkafa, ta kuma yarda uwar ta gaji, ta yi fushi, ta zagi ɗan da take wahala dominsa.