Tuta da Alƙawari a Farfajiyar Makaranta

Alƙawarin biyayya ga ƙasa, wato gajerun kalmomin da ɗalibai ke furtawa baki ɗaya a gaban tuta kafin a fara darasi, ya saje da rayuwar makaranta har ana yi masa kallon abin da aka gada kaka da kakanni, alhali kuwa an san mutanen da suka ƙago shi, an san shekarar da aka fara shi, an kuma san damuwar da ta haife shi. Ƙasar da al'adar ta fi daɗewa a cikinta, wadda kuma aka fi tafka muhawara a kanta, ita ce Amurka, kuma tarihinta a can yana nuna cewa hukuma takan nemi wannan furuci daga bakin yara ne a lokutan da manya ke shakkar ɗorewar haɗin kansu. Daga wannan tarihi ne ake iya fahimtar tambayar da har yau ba ta mutu ba, wato ko ya dace a sa yara su riƙa furta shi, da kuma inda kishin ƙasa yake ƙarewa tilasci ya fara.

A ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa biyu ne suka dami masu faɗa a ji a Amurka. Na farko shi ne tabon yaƙin basasar da aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, lokacin da jihohin Kudu suka ɓalle saboda batun bauta, aka yi asarar rayuka sama da dubu 600 kafin a dawo da su. Na biyu shi ne kwararar baƙi daga kudanci da gabashin Turai, Italiyawa da Yahudawan Rasha da mutanen Poland, waɗanda harshensu da addininsu suka bambanta da na tsoffin mazauna, har ta kai a watan Janairun 1892 aka buɗe tashar tantance baƙi ta tsibirin Ellis a bakin birnin New York. Makarantar gwamnati ita ce kaɗai wurin da 'ya'yan waɗannan baƙi ke haɗuwa da hukuma kullum, saboda haka aka ɗora mata nauyin mayar da su Amurkawa, kuma tun cikin shekarun 1880 wani tsohon soja mai suna George Balch ya riga ya shigar da gaisuwar tuta a makarantun New York da wannan manufa.

Alƙawarin da ya ɗore kuwa daga ofishin wata mujallar yara ya fito, Youth's Companion ta birnin Boston, wadda tun 1888 ta shiga sayar wa makarantu tutoci a ƙarƙashin jagorancin wani jami'inta mai suna James Upham, ta yadda kishin ƙasa da neman kasuwa suka tafi kafaɗa da kafaɗa tun daga tushe. Da cikar shekara 400 da saukar Kolumbas a nahiyar Amurka ta ƙarato, sai mujallar ta shirya bikin da za a yi a makarantun ƙasar a rana guda, ta kuma ɗora wa wani ma'aikacinta, Francis Bellamy, tsohon fasto a cocin Baftis mai ra'ayin gurguzu irin na Kirista, aikin rubuta kalmomin. An buga su a ranar 8 ga Satumba, 1892, aka kuma furta su a faɗin ƙasar ranar 21 ga Oktoba. Tsarin bikin ya fayyace komai dalla-dalla: yara su yi sahu, a karanta sanarwar Shugaba Benjamin Harrison, tsoffin sojojin yaƙin basasa su ɗaga tuta, sannan kowane yaro ya kai hannun dama goshi kamar soja, idan an zo ambaton tuta kuma ya miƙe hannun zuwa gare ta, tafin yana kallon sama, har a gama. Kalmomin sun yi alƙawarin biyayya ga tuta da jamhuriyar da take wakilta, sun bayyana ƙasar a matsayin dunƙulalliya da ba ta rabuwa, wanda amsa ce kai tsaye ga jihohin da suka taɓa ɓallewa, sun kuma rufe da ambaton 'yanci da adalci ga kowa. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1896, Kotun Ƙoli ta halatta raba farare da baƙaƙen fata a wuraren jama'a, don haka 'ya'yan baƙaƙen fata na jihohin Kudu sun shafe shekaru masu yawa suna furta ambaton adalci a cikin makarantun da aka ware musu.

Abin da ya fara a matsayin biki na rana ɗaya bai daɗe ba ya zama doka, kuma kusan kowane mataki na tsaurara shi ya zo ne daidai da yaƙi ko fargabar baƙi. Jihar New York ta kafa dokar gaisuwar tuta a makarantu a 1898, daidai lokacin da aka shiga yaƙi da Sifen, wasu jihohi kuma suka bi sahu a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa. A 1923 wani taron ƙasa kan tuta, wanda ƙungiyoyin tsoffin sojoji da na masu kishin ƙasa suka mamaye, ya gyara kalmomin domin a ambaci sunan ƙasar ƙarara, saboda tsoron kada ɗan baƙo ya furta alƙawarin da baki alhali zuciyarsa na kan tutar ƙasar iyayensa. A 1942 Majalisar Dokoki ta shigar da alƙawarin cikin dokar tuta, kuma a watan Disambar wannan shekara ta soke miƙa hannu ta maye gurbinsa da ɗora hannu a ƙirji, domin gaisuwar ta yi kama da ta mabiyan Hitila da Musolini, waɗanda Amurka ke yaƙa a lokacin.

Babban gwajin al'adar ya zo ne daga Shaidun Jehobah, wata ƙungiyar addini da ke ganin cewa gaisuwar tuta nau'i ne na bautar abin da ba Ubangiji ba, waɗanda kuma 'yan'uwansu a Jamus ke shiga sansanonin gwale-gwale saboda sun ƙi yi wa Hitila gaisuwa. A 1935 hukumar makarantar garin Minersville a jihar Pennsylvania ta kori wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, Lillian Gobitas mai shekara 12 da ƙanenta William mai shekara 10, saboda sun ƙi furta alƙawarin. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Yuni, 1940, a daidai makonnin da Faransa ke faɗawa hannun sojojin Jamus, alƙalai takwas suka goyi bayan makarantar, ɗaya tak, Harlan Stone, ya saɓa. Wanda ya rubuta hukuncin, Felix Frankfurter, shi kansa baƙo ne, Bayahude haifaffen birnin Biyana da ya zo Amurka yana yaro, kuma hujjarsa ita ce haɗin kan ƙasa shi ne tushen tsaronta, don haka hukumomin ilimi suna da hurumin zaɓar hanyar da za su cusa shi, kotu kuma ba ta da dalilin shiga tsakani.

Jama'a da dama sun ɗauki hukuncin a matsayin shaidar cewa Shaidun maciya amanar ƙasa ne, kuma cikin 'yan makonni aka far musu a garuruwa da yawa. An ƙone wurin ibadarsu a Kennebunk ta jihar Maine, a Richwood ta jihar West Virginia kuma aka ɗura wa wasunsu man zurma da ƙarfi, aka ɗaure su da igiya ɗaya aka zagaya da su gari kafin a kore su, da hannun jami'in tsaro a ciki. Yara masu yawa suka rasa makaranta. A watan Janairun 1942 hukumar ilimi ta West Virginia ta wajabta gaisuwar ga malamai da ɗalibai, ta yadda yaron da ya ƙi za a kore shi, sannan a ɗauke shi a matsayin mai gudun makaranta, iyayensa kuma su fuskanci tarar da za ta iya kai dala 50 da ɗaurin da zai iya kai kwana 30.

Ƙarar da iyalin Barnette da wasu iyaye suka shigar kan wannan doka ce ta ba Kotun Ƙoli damar warware abin da ta ƙulla. Ranar 14 ga Yuni, 1943, wadda ita ce ranar tuta a Amurka, ana tsakiyar yaƙi, alƙalai shida suka rinjayi uku, cikinsu har da uku da suka canza matsayinsu na 1940. Mai shari'a Robert Jackson bai tsaya kan 'yancin addini kaɗai ba, ya ɗora hukuncin ne kan 'yancin faɗar albarkacin baki, wanda a ganinsa ya haɗa da 'yancin yin shiru. Ya yi bayanin cewa babu wani jami'i, babba ko ƙarami, da ke da ikon tsara wa 'yan ƙasa abin da za su yi imani da shi a siyasa ko addini ko kishin ƙasa, balle ya tilasta musu furta shi, ya kuma yi gargaɗin cewa masu neman daidaita ra'ayin jama'a da ƙarfi sukan ƙare ne da kawar da masu saɓa musu. Hukuncin bai hana alƙawarin ba, domin har yau mafi yawan jihohin Amurka suna da dokokin da suka tanadi lokacin furta shi a makarantu. Abin da ya haramta shi ne hukunta yaron da ya ƙi. Kotun Ƙolin Indiya ta bi irin wannan hanya a 1986, lokacin da ta mayar da wasu yara uku 'yan jihar Kerala makarantar da ta kore su, bisa hujjar cewa tsayuwarsu cikin ladabi yayin rera taken ƙasa ta wadatar ko da ba su buɗe baki ba.

Gyara na ƙarshe ya zo ne a zamanin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, lokacin da aka so a bambanta Amurka da kwaminisancin da ba ya yarda da Ubangiji. Bayan kamfen na wata ƙungiyar Katolika da wata huɗuba da fasto George Docherty ya yi a gaban Shugaba Eisenhower a watan Fabrairun 1954, Majalisa ta ƙara ambaton Ubangiji a cikin alƙawarin, aka sa hannu ranar 14 ga Yuni. Wannan ƙari ya buɗe sabuwar ƙofar shari'a, wadda ta kai Kotun Ƙoli a 2004, amma kotun ta sallami ƙarar bisa dalilin cewa mai ƙara ba shi da hurumin shigar da ita a madadin 'yarsa.

Najeriya ta shigo wannan al'ada ta ƙofa mai kama da ta Amurka. Bayan yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 gwamnatocin soja sun duƙufa neman hanyoyin ɗinke ɓaraka, suka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, suka ƙara yawan kwalejojin tarayya da ke haɗa yara daga sassan ƙasar. A watan Yulin 1976, 'yan watanni bayan kisan Janar Murtala Muhammed, wata malama mai suna Felicia Adebola Adeyoyin ta wallafa kalmomin alƙawari a jaridar Daily Times, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo kuma ta karɓe su ta umarci makarantu su riƙa furtawa daga watan Satumba, watan da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ta haka ne alƙawarin ya isa ƙauyukan Arewa tare da sababbin azuzuwa, ya zama ɓangaren taron safe, inda yara ke yin sahu aji aji, a duba farce da tufafi, a rera taken ƙasa, sannan a ɗora hannu a ƙirji a furta alƙawarin da Turanci, harshen da ɗan aji ɗaya a karkara bai riga ya sani ba, shi ya sa yakan haddace sautin shekaru kafin ma'anar ta iso gare shi. A nan ma an sami masu ƙyamarsa bisa dalilin addini, mafi tsanani su ne jagororin Boko Haram da suka riƙa kiransa shirka a wa'azinsu, ra'ayin da galibin malaman Musulunci na ƙasar ba su bi ba.

Masu goyon bayan al'adar suna da hujja mai nauyi, cewa ƙasar da ta tara ƙabilu da addinai tana buƙatar wani abu da kowa zai yi tarayya a cikinsa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu adawa kuma suna cewa alƙawari ba ya ɗaure wanda bai fahimci abin da yake faɗa ba, kuma saba wa yaro da furta biyayya ba tare da tambaya ba yana share fage ga kishin ƙasa mai tsanani, wato irin wanda ke auna ɗan ƙasa da alamomi, ya kuma ɗauki mai saɓawa a matsayin maƙiyi. Abin da ya faru a Amurka tsakanin 1940 da 1943 ya nuna cewa wannan fargaba tana da tushe, ya kuma nuna cewa maganinta bai buƙaci soke al'adar ba, domin cire hukunci daga kan mai ƙin furtawa bai rage wa ƙasar ƙarfi a fagen yaƙi ba. Sauran aikin yana kan malami da hukuma: malami ya fassara wa yaro kalmomin cikin harshen da yake ji, ya bar shi ya yi tambaya a kansu, hukuma kuma ta cika nata ɓangaren, tunda yaron da ake nema ya yi wa ƙasa alƙawarin gaskiya da riƙon amana yana ganin rufin ajinsa da albashin malaminsa, kuma da su yake auna abin da aka sa shi faɗa.