Shekara 43 Ana Shan Maganin Tarin Fuka Kafin A Ga Inda Yake Kamawa

A watan Fabrairun 1952 jaridun Amurka suka fito da hotuna daga asibitin Sea View da ke birnin New York: masu tarin fuka da aka riga aka fid da rai da su, ga su tsaye a barandar asibiti suna rawa. Likitoci biyu, Edward Robitzek da Irving Selikoff, sun yi watanni suna ba su wani magani mai suna isoniazid. Zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, masu kwance suka miƙe. Amma da za a tsayar da likitocin nan a tambaye su me maganin yake yi wa ƙwayar cutar, da ba su da amsa. A lokacin babu mai ita a duniya.

Sinadarin ba sabo ba ne. Tun 1912 Hans Meyer da Josef Mally suka haɗa shi a birnin Prague, suka ajiye, ba su san yana da wani amfani ba. Shi ya sa da kamfanonin Roche da Squibb da Bayer suka gano ƙarfinsa kusan lokaci ɗaya, babu wanda ya iya mallake shi, ya zama mai arha har talaka ya samu. A wannan shekara ta 1912 ce kuma, a birnin Munich na Jamus, Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ratsa kiristal da hasken eksire, hasken kan watsu cikin tsari, kuma daga tsarin ana iya gane yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a ciki. Sai bayan shekara 83 waɗannan hanyoyi biyu suka haɗu.

Alamar farko ta zo a 1954, lokacin da Gardner Middlebrook ya lura cewa ƙwayoyin da suka daina jin isoniazid sukan rasa wani enzayim mai suna katalas. Abin da ɗaure kai: yaya rashin abu zai zama kariya? A 1970 Frank Winder da abokin aikinsa a Dublin suka ƙara wata: maganin yana hana ƙwayar ƙera asid ɗin maikolik, wato dogon kitsen da take gina bangon jikinta da shi. Tsawon sarƙar kitsen nan kan kai ƙwayar kabon 60 zuwa 90, kuma shi ne ya sa magunguna da yawa ba sa iya ratsa ta.

Daga nan bincike ya yi sanyi na shekara ashirin. Ƙwayar tibi, wato tarin fuka, tana da wuyar sha'ani a ɗakin gwaji, domin takan yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, sai an jira makonni kafin a ga tsirarta. Amma a ganina babban dalili shi ne ƙasashe masu kuɗi sun ɗauka sun gama da cutar, suka janye hannu, alhali a Afirka da Asiya ba a daina binne mutane ba. Sai da ta koma ƙofar gidansu suka farka. A 1992 mutum fiye da 3,800 suka kamu a New York kaɗai, da yawansu masu ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma nau'in da ba ya jin magani ya bazu a asibitoci da gidajen yari. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan cutar.

Cikin shekara uku aka samu abin da ya gagara a shekara arba'in. A 1992 Ying Zhang da Douglas Young a Landan, tare da Beate Heym da Stewart Cole a cibiyar Pasteur ta Faris, suka gano ƙwayar gadon da ke samar da katalas ɗin nan, mai suna katG, suka nuna cewa idan aka mayar wa ƙwayar cuta ita, sai ta koma jin magani. A 1994 ɗakin binciken William Jacobs a kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke unguwar Bronx ya gano wata ta biyu, aka raɗa mata inhA. Ita ake zargin maganin yana nufa. Saura a ga kamannin furotin ɗin da take samarwa, mai suna InhA.

Wannan aiki ya faɗa hannun Andréa Dessen, matashiyar mai bincike 'yar Brazil, a ɗakin James Sacchettini, tare da Annaïk Quémard da John Blanchard. Suka dasa ƙwayar gadon a cikin wata bakteriya mai saurin haihuwa don ta samar musu da furotin mai yawa, suka tace shi, suka lallaɓa shi har ya daskare ya zama kiristal. Suka harba masa eksire, suka auna dubban ɗigon hasken da suka watsu, kwamfuta ta juya su zuwa taswira mai tsawo da faɗi da zurfi. A 1995 mujallar Science ta buga sakamakon, da kaifin gani na angstrom 2.2, angstrom ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita.

Abin da suka gani sarƙa ce ta amino asid 269 da ta naɗe kanta, guda huɗu suna haɗuwa su yi aiki tare. A kowanne akwai gurbin da wani mataimakin sinadari mai suna NADH yake kwanciya, kusa da shi kuma wani rami mai zurfi da sarƙar kitse ke shiga. Aikin InhA shi ne kammala matakin ƙarshe duk lokacin da aka ƙara wa sarƙar kabon biyu. Idan ya tsaya, bango ya tsaya.

Inda hoton ya fi ratsa ni shi ne wuri na 94 a sarƙar. A wani nau'in da ba ya jin magani, amino asid mai suna serin ya koma alanin a wannan wuri, kuma bambancin su biyu ƙwayar zarra ɗaya ce ta oksijin. Da ita serin yake riƙe da wata ƙwayar ruwa, ruwan kuma yana taimakawa wajen riƙe NADH a gurbinsa. Oksijin ya tafi, riƙon ya sassauta. Wannan ɗan canji na iya sa mai ciwo ya yi wata da watanni yana haɗiyar magani bisa ƙa'ida, tari bai lafa ba.

Sai dai hoton bai nuna isoniazid a ko'ina ba, domin shi kaɗai ba ya kama InhA. A 1998 Denise Rozwarski da Sacchettini, wanda a lokacin ya koma jami'ar Texas A&M, suka fitar da hoto na biyu da ya warware matsalar Middlebrook. Maganin yana shiga ba shi da dafi. Katalas ɗin ƙwayar, wanda take kare kanta da shi, shi ke sare shi ya mayar da shi mai kaifi; guntun ya manne da NADH, su biyun su cusa kai cikin gurbin InhA su ƙi fita. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Ƙwayar da katalas ɗinta ya lalace kuwa ba ta tono komai, sai ta tsira.

Ba kowa ya yarda nan take ba. A wannan shekarar ɗakin Clifton Barry ya ce wani enzayim ne daban, KasA, maganin yake nufa, aka yi shekaru ana ja-in-ja. A 2006 Catherine Vilchèze da Jacobs suka ɗauki canjin wuri na 94 shi kaɗai suka dasa a ƙwayar tibi mai jin magani, ta daina ji. Gardama ta kwanta.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. An sa rai hoton zai ba da sabon magani mai kama InhA kai tsaye ba tare da bi ta katalas ba, an kuma gwada sinadarai da dama, amma bedaquiline, sabon maganin da Amurka ta amince da shi a 2012, ta hanyar gwada dubban sinadarai a kan ƙwaya mai rai aka same shi, kuma wani enzayim daban yake kamawa.

Inda wannan ilimi ya biya shi ne wajen gwaji, kuma nan ya shafe mu. A 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a duniya, kusan miliyan 1.25 suka rasu, Najeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ɗauke da shi. Duk wanda ya karɓi maganin wata shida kyauta a asibitocinmu, isoniazid na ciki daga ranar farko har ta ƙarshe. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin da ke duba katG da inhA a majinar mai ciwo cikin kwana ɗaya ko biyu, irin wanda ake yi a manyan ɗakunan gwaji kamar na cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya. Idan canjin a katG yake, galibi isoniazid ya tashi aiki. Idan a ɓangaren inhA ne, ƙara yawansa na iya yin tasiri, amma likita zai kauce wa wani magani mai suna ethionamide, domin shi ma gurbin InhA yake nema.